Ranar da aka ci Mena 3 da 0 muka kwana murna



Duk wanda ke zama fada ya san abin da ke biyo bayan an ci ekip ɗinmu. Tun shayi na biyu bai sauka ba an yanke hukunci: a kori mai horaswa. Shi kuma mai horaswa, in aka miƙa masa makirufo yana huci, sai ya ɗora wa alƙalin wasa, ko fili, ko doka. Kowa na fushi, kowa na neman wanda zai sauke wa. Yau ina so mu koma wata Asabar, 8 ga Oktoba 2011, mu ga yadda fushin nan ya yi aiki a ƙasashe uku cikin yini guda: Nijar, Afirka ta Kudu da Najeriya. Ƙannenmu da yawa ba su san labarin ba. Mu da muka sani kuma, rabin da ke da daɗi kaɗai muke bayarwa.

RUKUNIN DA BABU WANDA YA BA MU KO DALA

Lokacin da aka raba rukunan neman zuwa Kofin Afirka na 2012, wanda Gabon da Gini Ikwatoriya za su karɓa, Nijar ta faɗa rukunin G tare da Masar, Afirka ta Kudu da Saliyo. Ƙasa ɗaya ce za ta wuce kai tsaye.

Ku duba su wa aka haɗa mu da su. Masar ta ɗauki kofin sau 7, uku na ƙarshe a jere: 2006, 2008 da 2010, duka a hannun mai horaswa Hassan Shehata. Afirka ta Kudu ta ɗauka a 1996, kuma ba ta jima da sallamar baƙin Kofin Duniya na 2010 ba, ga filaye sababbi fil, ga kuɗi. Mu kuwa tun da aka fara CAN a 1957 ba mu taɓa leƙa ta ba. A tele muke kallo, wani ya ɗauki Kamaru, wani Kodibuwa, mutanen bakin iyaka kuma galibi Najeriya.

Wanda ke riƙe da Mena ɗan ƙasa ne, Harouna Doula Gabdé. Shugaban hukumar ƙwallo ta ƙasa, FENIFOOT, shi ne Kanar Djibrilla Hima Hamidou, wanda kowa ke kira Pelé. Ƴan wasan, kaso mai yawa a gida suke bugawa ko a ƙasashen maƙwabta. Gola Kassaly Daouda yana Coton Sport ta Garwa a Kamaru. Wanda sunansa ya kai Turai sosai shi ne Moussa Maâzou, da ya bi ta Lokeren ta Beljiyam ya kai CSKA Mosko, daga nan aka ba da aronsa Faransa.

Wasan farko, 4 ga Satumba 2010 a Nelspruit, Afirka ta Kudu ta ci mu 2 da 0. Babu wanda ya yi mamaki, babu ma wanda ya yi fushi, don fushi sai da sa rai.

Sai ranar Lahadi 10 ga Oktoba 2010, a filin Janar Seyni Kountché. Masar ta zo da sunanta da kofunanta. Kafin a tafi hutun rabin lokaci Maâzou ya jefa musu ɗaya, kuma a haka aka tashi. Ku tuna wace shekara ce: shekarar juyin mulkin 18 ga Fabrairu, shekarar da ƙarancin abinci ya takura karkara. Mutane na neman abu guda da za su yi murna a kai tare, ba tare da an tambayi jam'iyya ko yare ba. Bal ta ba su. Daga wannan rana ce Mena ta samu magoya baya na gaskiya, kuma daga ranar ce mai horaswa ya shiga haɗari, don wanda aka sa wa rai shi ake yi wa fushi.

A watan Maris 2011 muka ci Saliyo 3 da 1 a Yamai. A watan Yuni suka rama 1 da 0 a Firitawun. Ranar 4 ga Satumba 2011 Afirka ta Kudu ta zo Yamai, Koffi Dan Kowa da Maâzou suka ci mata biyu, ta farke ɗaya. A can gefe kuwa Masar ta rikice: juyin juya halin Janairu 2011 ya tsayar da gasarta ta cikin gida na wani lokaci, ta kasa cin wasa ko ɗaya cikin biyar na farko, Shehata ya bar aiki a watan Yuni.

Ga yadda lissafi ya tsaya kafin ranar ƙarshe: Nijar maki 9, Afirka ta Kudu 8, Saliyo 8, Masar 2. Mu za mu je Alƙahira, Saliyo kuma za ta je Nelspruit.

ALƘAHIRA: KASHIN DA YA ZAMA BIKI

Masar ta riga ta fita, don haka ta fito da matasanta ƴan ƙasa da shekara 23, waɗanda ake shiryawa don wasannin Olamfik, a hannun Hany Ramzy. A fadodi an yi ta cewa ai yara ne, abin zai zo da sauƙi. Yaran nan suka zuba mana uku ba ko ɗaya. Marwan Mohsen ya ci biyu. Ɗayar kuwa wani yaro ɗan shekara 19 ne ya ci, mai buga wa Arab Contractors, kuma ita ce ƙwallonsa ta farko a rigar Masar. Sunansa Mohamed Salah. Ƴan Liverpool na fadarmu, ku riƙe wannan: gwarzonku a ragarmu ya buɗe hannu.

Da aka busa tashi, mai sauraron radiyo a Maradi ko Tawa ya ɗauka magana ta ƙare. An ci mu 3 da 0, me ya rage? Wasu sun fara zagin ƴan baya, wasu sun fara kiran sunan Doula. Ba a jima ba labari ya juya: a Nelspruit an tashi babu ci, kuma bisa dokar CAF Nijar ce ta wuce. Bakin da ya buɗe don zagi, da shi aka yi guɗa. Kabu-kabu suka cika titi da oda, aka fito da tuta, aka kwana ana kiɗa.

Bari in warware lissafin, don a nan labarin yake. Ƙasashe uku suka tashi da maki 9 kowace: mu, Afirka ta Kudu, Saliyo. In da yawan ƙwallaye ake dubawa, Afirka ta Kudu ce gaba: ta ci 4 an ci ta 2. Saliyo ta ci 5 an ci ta 5. Mu mun ci 6 an ci mu 8, mu ne na ƙarshe cikin ukun. Amma dokar gasar ta ce idan maki ya zo ɗaya, a fara duba wasannin da masu kunnen dokin suka buga tsakaninsu. A ajiye Masar gefe ke nan. Da aka yi haka, Nijar na da 6, don ta ci kowace sau ɗaya a Yamai. Afirka ta Kudu na da 5, Saliyo na da 5. Ƙwallaye ukun Alƙahira ba su shiga lissafin ba sam.

Dokar nan ba a ranar aka ƙirƙiro ta ba. Tana cikin takardar dokokin gasar tun kafin a buga wasan farko, kuma kowace hukumar ƙwallo na da ita a ofis.

NELSPRUIT: RAWA KAFIN LISSAFI

A filin Mbombela, wanda aka gina don Kofin Duniya, mai horas da Bafana Bafana shi ne Pitso Mosimane, ɗan ƙasa, wanda ya gaji ɗan Brazil Carlos Alberto Parreira a 2010. Da labari ya iske benci cewa Masar na dukan Nijar, sai suka yi nasu lissafi da yawan ƙwallaye, suka ga canjaras ya ishe su. Mosimane ya bar ɗan gaba Lehlohonolo Majoro a benci ya sa ɗan tsakiya. Gola Itumeleng Khune ya yi ta cin lokaci. Mintocin ƙarshe, ekip ɗin da ke buƙatar ƙwallo ɗaya tal don ta wuce ta zauna tana tsaron 0 da 0.

Aka busa tashi, ƴan wasa suka zagaya fili suna rawa, ƴan kallo na busa vuvuzela. Tele ta ƙasa ta ba da labarin an wuce. Shugaban hukumarsu ta SAFA, Kirsten Nematandani, ya fito yana taya murna. Sai daga baya aka zo musu da takardar doka. Murna ta koma ciki a gaban duniya, kuma hoton rawar nan har yau in ana ba da misalin rashin karanta doka a ƙwallo, shi ake nunawa.

To, ga fushin mai horaswa. Mosimane ya fito gaban ƴan jarida a ruɗe kuma a fusace. Ya amsa da bakinsa cewa canjaras ya nema, ya ce da ya san ana buƙatar ƙwallo ai ba zai bar ɗan gaba a benci ba. Amma bai tsaya nan ba. Ya juya kan tsarin gasar, ya kwatanta ƙwallon Afirka da daji, ya ce tsarin Turai da na Kudancin Amurka sun fi tafiya daidai. Abin dariyar shi ne, a wannan lokacin ita kanta Turai, a wasannin neman zuwa gasarta ta 2012, da wasan da aka yi tsakanin juna take fara raba masu maki ɗaya. A lokacin, hukumar FIFA ce ke fara duba yawan ƙwallaye a wasannin Kofin Duniya. Fushi ya hana shi ganin wannan.

SAFA ta kai ƙara CAF tana neman a duba yawan ƙwallaye. Da na faɗi gaskiya, wannan ƙara ta ɗan tayar mana da hankali a nan, don talaka in ya samu abu ba ya sakin jiki sai ya ga ya shiga aljihu. Amma a can gida magoya bayansu da ƴan jaridarsu ba su bi su ba. Tambaya ɗaya suka riƙa yi: a cikin mai horaswa, da mataimakansa, da shugabannin hukuma, da ma'aikatan ofis da ake biya albashi, babu ko mutum ɗaya da ya buɗe takardar? Har ministan wasanni Fikile Mbalula ya sa baki. Kafin watan ya ƙare SAFA ta janye ƙarar ta nemi gafarar ƴan ƙasa.

Ku lura da abu ɗaya. Fushin magoya bayan Afirka ta Kudu ya faɗa inda ya dace. Ba su ce Nijar ta yi asiri ba, ba su tsaya kan alƙalin wasa ba. Sun nemi wanda aikinsa ne ya karanta doka. Shi kuma Mosimane ba a kore shi a lokacin ba, sai a watan Yuni 2012 bayan canjaras 1 da 1 da Habasha. Mutumin da duniya ta yi wa dariya ya koma kulob, ya ɗauki kofin zakarun Afirka da Mamelodi Sundowns a 2016, ya sake ɗauka sau biyu da Al Ahly ta Masar, 2020 da 2021. Rana ɗaya ta kunya ba ta auna iyawar mutum.

ABUJA: MAƘWABTA SU MA

A ranar dai, ƴan uwanmu na ƙetaren Jibiya da Maigatari na cikin nasu tashin hankali. Najeriya ta karɓi Gini a Abuja, a hannun Samson Siasia. Don ta hau kan rukuni tana buƙatar 1 da 0 ko ratar ƙwallo biyu. Ana dab da tashi tana gaba 2 da 1. Wannan sakamako bai ba ta kan rukuni ba, amma zai shigar da ita cikin ƙasashe biyu mafiya maki da suka zo na biyu, waɗanda su ma ke da gurbi. Maimakon a riƙe bal, aka kwashe gaba ana neman ta uku. A cikin mintocin ƙari Gini ta farke, 2 da 2.

Karo na farko ke nan tun 1986 da Najeriya ta shiga wasannin share fage ta kasa wucewa. Magoya baya suka fusata ƙwarai, kuma kafin watan Oktoba ya fita an sallami Siasia. Ku dubi ikon Allah: a yini guda, ɗaya ta tsare canjaras alhali ƙwallo take buƙata, ɗaya ta tafi neman ƙwallo alhali tsarewa take buƙata. Rashin sani ya fi dare duhu.

Wanda aka ɗauko a madadinsa shi ma ɗan ƙasa ne, Stephen Keshi, kuma a Fabrairu 2013 ya kawo musu kofin. Don haka ba ina cewa kora ba ta taɓa yin amfani ba ne. Wani lokaci tana yi. Abin tambaya shi ne, an san cutar da ake yi wa magani?

ABIN DA KIƊA YA RUFE

Yanzu mu dawo gida, ga rabin labarin da ba mu cika bayarwa ba.

Ku sake duba sakamakon Mena a rukunin nan. A Yamai: wasa uku, nasara uku, ƙwallo 6. A waje: wasa uku, kashi uku, 2 da 0, 1 da 0, 3 da 0. Ko ƙwallo ɗaya ba mu ci ba da zarar mun hau jirgi. Ƙarfinmu na gida ne: zafin rana, fili da muka saba da shi, da ihun jama'ar da ke cika Seyni Kountché tun kafin azahar. CAN kuwa duka a waje ake buga ta. Kashin Alƙahira gargaɗi ne ƙarara, a hannun yara ƴan ƙasa da shekara 23, amma ya zo a daren da babu mai son jin gargaɗi.

A watan Disamba 2011, a birnin Akara, CAF ta zaɓi Harouna Doula a matsayin gwarzon mai horaswa na Afirka na shekarar. Ba don CAN kaɗai ba: a farkon shekarar ya kai ƴan wasan gida zagayen kwata fainal na gasar CHAN a Sudan. Ƙasa ta ɗauki tafiyar Gabon da muhimmanci, har aka ƙara dala biyu, wato sefa 10, a kan kowane minti na kiran wayar salula na kimanin wata guda don a tara kuɗin tafiya. Wato mai sayar da ruwa a kura da mai tallan goro duk sun sa hannu. Wanda ya biya kuwa yana da bakin magana, wannan haƙƙinsa ne.

A cikin wannan shiri ne hukuma ta ɗauko Bafaranshe Rolland Courbis, tsohon mai horas da Bordeaux da Marseille, aka ce mai ba da shawara ne. Tun a lokacin masu lura suka ce anya, mutum biyu a kan benci ɗaya?

Ranar Litinin 23 ga Janairu 2012, a Libreville, Mena ta buga wasanta na farko a tarihin CAN, da mai masaukin baƙi. Pierre-Emerick Aubameyang ya ci ta farko, Stéphane N'Guéma ya ƙara, duka kafin hutun rabin lokaci. Aka tashi 2 da 0, kuma gaskiya ba mu taɓuka komai ba. Ƴan wasa sun shiga da tsoro, bal ba ta zama a ƙafa.

Daren nan da washegari, wayoyin gidajen radiyo ba su huta ba. Abin da kake ji a fada da tasha iri ɗaya ne: “Wanga mutum ya kai iyakarshi.” “CAN ba wasan yara ba ne, a ba Bature.” “Mu munka biya, a yi muna aiki.” Akwai masu cewa a yi haƙuri, wasa ɗaya ne, amma muryarsu ba ta kai ta masu fushi ba. Kafin wasa na biyu an miƙa ragamar ekip ga Courbis. Mutumin da wata guda kafin nan aka kira gwarzon Afirka ya koma gefe, bayan minti 90.

Sai mu duba me canjin ya haifar. Ranar 27 ga Janairu, da Tunisiya, Mena ta yi wasa mai kyau, wannan ba a musu. Youssef Msakni ya ci tun farkon wasa, William N'Gounou ya farke bayan mintoci kaɗan, Maâzou ya wahalar da ƴan bayansu ya ɓarar da damarmaki, sai Issam Jemâa ya ci ta biyu ana dab da tashi. Ranar 31 ga wata Maroko, wadda ita ma ta riga ta fita, ta ci mu 1 da 0 ta ƙafar Younès Belhanda. Wasa uku, kashi uku, ƙwallo ɗaya. Masu goyon bayan canjin za su ce ai an ga bambanci a wasan Tunisiya. Masu goyon bayan Doula za su ce tsoron ranar farko ne ya wuce, kuma ƴan wasan da ya tara ne suka buga. Babu mai iya raba wannan gardama. Abin da ba a gardama a kai shi ne maki: sifili.

Courbis bai daɗe ba, a watan Yuni 2012 ya ajiye aiki. A watan Satumba aka ɗauko Bajamushe Gernot Rohr, wato mutumin da ke riƙe da Gabon ranar da ta ci mu. Ya kai mu CAN ta 2013, kuma ku dubi ta wace hanya: Gini ta ci mu 1 da 0 a Konakiri, muka rama 2 da 0 a Yamai ranar 14 ga Oktoba 2012. Salon dai bai canja ba, a waje kashi, a gida nasara. A Port Elizabeth ta Afirka ta Kudu, Mali ta ci mu 1 da 0 ta ƙafar Seydou Keita, muka yi 0 da 0 da Kongo Kinshasa ranar da Kassaly ya tsare gida kamar ba gobe, Ghana ta rufe da 3 da 0.

A tara duka: CAN biyu, masu horaswa uku, ɗan ƙasa da Bafaranshe da Bajamushe, wasa shida, ƙwallo ɗaya, maki ɗaya. In cuta ta ƙi jin magani a hannun likita uku, to ba likitan ba ne matsalar. An bar jaki ana dukan taiki. Tun daga 2013 kuma Mena ba ta sake komawa CAN ba.

INA YA KAMATA FUSHI YA SAUKA?

Ba zan ce wa mai goyon baya kada ya yi fushi ba. Wanda ya bar sana'arsa ya zauna gaban tele, wanda ya biya kuɗin mota daga Damagaram zuwa Yamai, kusan kilomita 900, don ya ga wasan minti 90, in aka ci ekip ɗinsa ya yi shiru to ba ya so ne. Ƙasar da ba a fushi in an ci ta, ƙwallonta ta mutu. Haka shi ma mai horaswa mutum ne, yana da zuciya, kuma shi ne ake nunawa a tele lokacin da masu ofis suka shige mota.

Amma tarihin nan ya nuna mana fushi iri biyu. Akwai wanda ke tambaya, akwai wanda ke neman wanda za a yanka kawai. Mosimane ya zagi tsarin gasa alhali takarda na kan teburinsa. Magoya bayan ƙasarsa suka tambayi wa ya kamata ya karanta, har hukuma ta fito ta ba da haƙuri. Mu kuwa muka nemi kan mutum ɗaya, aka ba mu, muka huce, tambayoyin suka tafi ba amsa.

Tambayoyin kuwa suna nan har gobe. Wasannin sada zumunci nawa ake shirya wa Mena a waje kafin a tura ta gasa? Gasar cikin gida, wadda ya kamata ta riƙa fitar da irin su Maâzou, tana farawa a kan lokaci, ana biyan ƴan wasa? Kulob-kulob na Maradi, Damagaram da Tawa, wa ke ɗaukar nauyinsu, ko sai na Yamai da na sojoji da ma'aikatu kaɗai ke iya numfashi? Yaran da ke buga bal ba takalmi a filayen makarantu, wa ke zuwa ya gan su? Filin Seyni Kountché, wanda aka buɗe a 1989 kuma shi ne ya kai mu CAN sau biyu, me ya sa aka bari har CAF ta hana buga manyan wasanni a cikinsa, Mena ta koma karɓar baƙi a Kotonu, Lome da Maroko? Ekip ɗin da duk ƙarfinta gida ne, aka wayi gari ba ta da gida. Wannan ba mai horaswa ne ya jawo ba, kuma korar mai horaswa goma ba ta gyara shi.

Kuma kada a ce babu ƴan wasa. A Nuwamba 2024 Mena ta ci Sudan 4 da 0, ta je har Akara ta ci Ghana 2 da 1, abin da ƴan 2011 ba su yi ba a wasanninsu na waje na rukunin G. Maki ɗaya ne ya raba mu da CAN ta Maroko: Sudan 8, mu 7. An rasa gurbin ne tun wasannin farko, ba a ranar ƙarshe ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka in an sake cin mu, kuma za a sake, don haka bal take, a yi fushi, a kira radiyo, a faɗi abin da ke rai. Amma kafin a ce a kori wane, a tambaya: me aka ba shi ya yi aiki da shi, wa ya ɗauko shi, wa ya tsara tafiya, wa ya karanta doka? Shi ma mai horaswa, kafin ya buɗe baki gaban makirufo, ya sha ruwa tukuna, don abin da aka faɗa cikin fushi ba ya gogewa. Shekaru sun wuce, Mosimane ya tara kofuna, amma har yau ana tuna masa maganar daji.

Harouna Doula kuwa, ko me aka ce, shi ne ɗan ƙasar da ya fara kai tutar Nijar CAN, kuma hukuma da kanta ta sake komawa gare shi daga baya. Ya cancanci a faɗi sunansa da girmamawa, shi da yaran da suka buga masa.

Ku da kuka ga wannan zamani, a ina labarin wucewarmu ya same ku a daren 8 ga Oktoba 2011? Kuma a ganinku, daidai ne da aka karɓe ekip daga hannun Doula bayan wasa ɗaya? Ku faɗi ra'ayinku cikin mutunci, ban da zagi. Allah ya ba Mena sa'a, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.